Marsandin 1953 a hannun ɗalibai: yadda Kwalejin McPherson ke renon matasa masu farfaɗo da tsofaffin motoci

A ranar Lahadi, 20 ga Agusta, 2023, an jera tsofaffin motoci wajen 200 a kan ciyawar filin wasan golf na Pebble Beach, a bakin tekun Pasifik cikin jihar Kalifoniya ta Amurka, domin gasar da ake kira Pebble Beach Concours d'Elegance. Tun 1950 ake yin wannan gasa, kuma masu harkar tsofaffin motoci suna ɗaukar ta a matsayin wadda babu kamarta a duniya. Ba a yin tsere a cikinta. Abin da alƙalai suke dubawa shi ne ko an mayar da mota yadda take ranar da ta fito daga masana'anta, tun daga injinta har zuwa zaren da aka ɗinke kujerunta da shi. Mafi yawan motocin da ake kaiwa wurin na manyan attajirai ne, kuma garejin da suka gyara su na gwanayen da suka tsufa a cikin sana'ar ne. A wannan shekarar sai ga wata Mercedes-Benz 300 S mai buɗaɗɗen rufi, ƙirar 1953, wadda ɗaliban wata ƙaramar kwaleji da ke tsakiyar gonakin alkama na jihar Kansas suka shafe shekara 7 suna aikinta, ta zo ta biyu a rukuninta na motocin alfarma da aka ƙera bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Kwalejin ta bayyana cewa wannan ne karon farko a tarihin gasar da motar da ɗalibai suka gyara ta shiga sahun ukun farko a wani rukuni.

Lambar da motar ta samu ba ita ta fi jan hankalina ba. Abin da ya sa na ga lamarin ya cancanci nazari shi ne hanyar da aka bi kafin a kai ga wannan rana, domin kowa yana cewa a ƙarfafa wa matasa gwiwa, amma sau da yawa abin ba ya wuce yabo da tafi da takardar shaida. A McPherson ƙarfafawar ta zo ne a siffar amana: an ɗauki mota mai tsada wadda irinta ba ta da yawa a duniya, aka damƙa ta a hannun 'yan shekara 20, aka ba su malamai da lokaci da kuɗin kayan aiki, sannan aka kai aikinsu gaban alƙalan da ba za su yi musu sassauci ba don suna yara.

Sana'ar da take neman magada

Kafin a fahimci dalilin kafa irin wannan sashe a jami'a, sai an san yadda gyaran mota ya sauya. A Amurka kabureta ta ɓace daga sababbin motoci tun farkon shekarun 1990, kuma daga 1996 doka ta wajabta wa kowace sabuwar mota ta zo da soket ɗin da ake jona kwamfuta domin ta faɗi abin da ke damunta. Daga nan aikin bakanike ya karkata zuwa karanta lambar matsala, da cire abin da ya lalace, da ɗaura sabo. Idan ƙofa ta lotse, ba a cika bugun ta ba, sai a yo odar wata. Makarantun koyon kanikanci kuwa kasuwa suke bi, kuma ba su yi laifi ba, domin ɗalibansu a garejin dillalan sababbin motoci za su nemi abinci.

Tsohuwar mota ba ta san wannan tsari ba. Idan gefen bodin motar 1935 ya ruɓe da tsatsa, babu kantin da za a je a sayo wani, dole wani ya ƙera shi daga shafaffen ƙarfe. Motoci da yawa na wancan zamani ƙashin bodinsu na katako ne, aka lulluɓe shi da ƙarfe ko alminiyam, don haka mai gyara sai ya iya kafinta. Kujerunsu da gashin doki da sifirin aka cusa su, mahaɗar ƙarfensu da narkakkiyar dalma aka shafe ta, wayoyinsu da zane aka naɗe su. Mutanen da suka koyi waɗannan ayyuka a lokacin da suke aikin yau da kullum sun tsufa, da yawa sun rasu, kuma ilimin yana cikin tafin hannu da kunne, ba a cikin littafi kawai ba. Motocin suna nan, masu kuɗin biyan aikin suna nan, hannayen da za su yi aikin ne suke ƙaranci.

Asalin sashen

Garin McPherson yana da mutane wajen 14,000, kuma tafiyar kusan awa guda ce a mota daga birnin Wichita. Wata ɗariƙar Kirista mai suna Church of the Brethren ce ta kafa kwalejin a 1887, kuma har yau ɗalibanta gaba ɗaya ba su wuce kimanin 800 ba. A 1976 wani ɗan kasuwa na yankin, Gaines Billue, wanda aka fi sani da Smokey, ya ba kwalejin kyautar tarin tsofaffin motocinsa, wajen 125, da nufin a kafa sashen da zai koya wa matasa gyaran irinsu. Da wannan kyauta aka fara, a matsayin kwas na shekara 2, a ginin da ake kira Templeton Hall.

Shekarun farko ba su zo da suna ba. Sashen ya kasance ƙarami, yana cin kuɗi fiye da sauran sassa saboda injuna da kayan aiki, kuma zuwa shekarun 1990 ya yi rauni har aka fara maganar ko za a rufe shi. A wannan hali ne Jay Leno, ɗan wasan barkwancin da ke gabatar da shirin talabijin na The Tonight Show a lokacin, wanda kuma yake da babban tarin motoci a Burbank ta jihar Kalifoniya, ya ji labarinsa. A 1997 ya kafa tallafin karatu a kwalejin da sunan Fred Duesenberg, injiniyan nan haifaffen Jamus wanda shi da ɗan'uwansa August suka riƙa ƙera motocin Duesenberg a Indianapolis. Kuɗin tallafin ya taimaka, amma a ganina abin da ya fi kuɗin tasiri shi ne yadda sunan Leno ya sa masu tara motoci da masu manyan gareji suka waiwayi wata makaranta da ba su taɓa jin sunanta ba. Daga baya aka kafa kwamitin masu ba da shawara daga cikin 'yan sana'ar, kuma a farkon shekarun 2000 aka ɗaga kwas ɗin ya zama cikakken digiri na shekara 4. Ita kaɗai ce makaranta a Amurka da ke ba da digirin farko a wannan fanni.

Mayar da kwas ɗin digiri yana da ma'ana ta musamman ga iyaye. A Amurka ma, kamar wurare da yawa, akwai iyayen da suke ganin yaron da ya zaɓi aikin hannu ya gaza ne a boko, kuma sukan fi son jin cewa ɗansu yana karatun lauya ko likita. Da aka ce yaro zai iya kwana cikin baƙin mai kuma ya fita da digiri irin na kowa, an sauƙaƙa wa iyalai da dama amincewa. An kuma buɗe rassa a cikin digirin, ta yadda wani zai karkata ga aikin gyaran kansa, wani ga tarihin motoci, wani ga gudanar da gareji a matsayin kasuwanci, wani ga zane, wani kuma ga rubutu da ɗaukar hoto a kan motoci. Waɗanda suka kammala suna samun aiki a garejin gyara, da gidajen tarihi, da kamfanonin gwanjon motoci, da kamfanonin inshorar tsofaffin motoci, da wajen masu manyan tari da ke buƙatar mai kula musu.

Abin da ɗalibi yake koya da hannunsa

Mai neman shiga sashen ba sakamakon jarrabawa kaɗai yake kawowa ba, ana so ya nuna hotuna da bayanin wani aiki da ya taɓa yi da hannunsa. Idan ya samu shiga, zai bi ta ajin kwance inji da ɗaura shi, da ajin ƙirar ƙarfe, da fenti, da ɗinkin kushin da rufi, da aikin katako, da lantarki, da sarrafa injin fiƙe ƙarfe domin ƙera abin da ya daina samuwa a kasuwa. Ba a sa ran ya zama gwani a dukkansu, amma ana so ya san kowanne gwargwadon da zai gane aiki mai kyau idan ya gan shi.

Ajin ƙirar ƙarfe ya isa misali. Ɗalibi zai ɗauki falle shafaffe, ya ɗora shi a kan jakar fata da aka cika da yashi, ya riƙa bugun tsakiyarsa da guduma mai zagayayyen kai har ƙarfen ya miƙe ya fara zurfi. A wannan mataki fallen ba shi da kyan gani, duk ya yi tudu da kwari, kuma sabon ɗalibi yakan ɗauka ya ɓata shi. Sai ya kai shi na'urar da masu sana'ar ke kira wilin Ingila, wadda ba ta da inji, wili biyu ne kawai na ƙarfe, na sama mai faɗi, na ƙasa mai ɗan doro, ya riƙa tura fallen gaba da baya a tsakaninsu, layi kusa da layi, har tudun ya kwanta, ƙarfen ya yi sumul ya ɗauki lanƙwasa. Bayan kowane zagaye sai ya kifa shi a kan ƙwarangwal na katako da aka sassaƙa da siffar gefen motar, ya duba inda ya zauna da inda haske ke ratsawa ta ƙasa. Malami yakan koya masa ya shafa fallen da tafin hannu maimakon ya dogara da ido, domin hannu yana jin kwarin da ido bai gani ba. Duk wanda ya taɓa zama kusa da maƙeri yana bugun tasa zai gane wannan aiki, kuma zai gane cewa ba a koyon sa a mako guda. Falle na farko da na biyu da na biyar sukan ƙare a kwandon ƙarafuna, kuma wani ɓangare na aikin malami shi ne ya sa yaro ya ɗauki na shida ba tare da ransa ya mutu ba.

Shawarar zuwa Pebble Beach

A 2013 kwalejin, ƙarƙashin shugabanta Michael Schneider, ta ɗaukar wa kanta alkawarin cewa cikin shekara 10 za ta kai motar da ɗalibai suka gyara gasar Pebble Beach, kuma ba don kallo ba, don ta yi takara. Alkawari ne mai haɗari, saboda ba a sayen gurbi a gasar. Kwamitin tantancewa ne ke zaɓen motocin da za su shiga daga cikin ɗimbin masu nema, kuma yana iya mayar da motar attajiri kamar yadda zai mayar da ta makaranta. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka aka ɗauki shekaru ana neman motar da ta dace, har aka samu wannan Marsandi a 2016. Cikin waɗanda suka tsaya wa aikin da shawara akwai Paul Russell, mai wani shahararren garejin gyara a Massachusetts wanda ya ƙware a kan tsofaffin Mercedes-Benz, da kuma cibiyar da kamfanin kansa ya buɗe a Kalifoniya domin kula da tsofaffin motocinsa. Jagoran aikin a cikin kwalejin shi ne Brian Martin.

Motar da aka zaɓa ba mai sauƙi ba ce. An fara nuna samfurin 300 S a baje kolin motoci na birnin Faris a Oktoban 1951, shekara 6 kacal bayan yaƙin da ya rushe masana'antun kamfanin, kuma da ita Mercedes-Benz ta so ta nuna wa duniya cewa ta dawo. Da hannu aka riƙa haɗa ta a garin Sindelfingen na Jamus, kuma tsakanin 1952 da 1955 guda 560 kawai aka ƙera, 203 daga cikinsu irin wannan mai rufin zane mai kauri da ake naɗewa baya. Injinta mai silinda 6 ne, lita 3, da kabureta 3 ƙirar Solex, mai ƙarfin doki 150, kuma tana iya gudun kilomita 175 a awa. Kuɗinta a lokacin mak 34,500 ne na Jamus, wanda ya fi na shahararriyar 300 SL mai ƙofofi kamar fikafikai, kuma ya isa a sayi Volkswagen Beetle 6 ko 7.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan bayanai aiki ne a wajen mai gyara. Motar da aka haɗa da hannu ba ta da sassa biyu masu daidai da juna ɗari bisa ɗari, don haka ƙofar wata 300 S ba lallai ta zauna a jikin wata ba sai an yi mata gyara. Kabureta 3 dole su riƙa shaƙar iska daidai wa daida, in ba haka ba injin zai riƙa rawa a tsaye, kuma saita su aiki ne na ma'auni da kunne da haƙuri. Cikin motar katako ne mai sheƙi da fata, rufinta hawa-hawa ne na zane da abin cusawa, kuma dole ya naɗu ya buɗu ba tare da ya yamutse ba. Adon ƙarfen da ke jikinta sai an bi shi da jan ƙarfe, sannan nikel, sannan kurom, kuma duk ƙwarzanen da aka bari a ƙasa zai fito fili a sama. Kafin a taɓa komai kuma akwai bincike: wane irin noti kamfanin ya yi amfani da shi a 1953, wane launi aka shafa a ƙarƙashin bodi, ta ina waya ta bi. Ɗalibin da ya zaɓi reshen tarihi a nan yake da amfani kamar mai riƙe da sufana.

Akwai wata wahala da garejin kasuwa ba ya fuskanta. Digiri shekara 4 ne, aikin kuwa ya ɗauki shekara 7, ke nan ɗaliban da suka kwance motar sun kammala karatu sun tafi kafin a fara ɗaura ta, kuma waɗanda suka tsaya kusa da ita a Kalifoniya suna makarantar sakandare lokacin da aka cire notin farko. Wannan yana tilasta rubuta komai, da ɗaukar hoton kowane sashe kafin a cire shi, da sa wa kowace leda alama, domin wanda zai zo bayan shekara 3 ya san abin da ya tarar. Yana kuma koyar da wata ɗabi'a da nake ganin ta fi kowane darasi na aji daraja, wato mutum ya kyautata aikin da ya san ba shi za a yaba wa ba idan an gama. A tsakiyar waɗannan shekaru kuma annobar korona ta zo a 2020, ta rufe makarantu, har gasar Pebble Beach kanta aka soke a wannan shekara.

Gaban alƙalai

A ranar gasa alƙalan kowane rukuni, waɗanda masana ne a kan irin motocin da ke cikinsa, suna zagaya mota da takardunsu, suna leƙa ƙarƙashinta, suna buɗe bonet da but. Sukan ce a tayar da inji su saurara, a kunna fitilu, a danna hon, a gwada wifa, su duba ko allurar kowane ma'auni tana motsi. Duk abin da bai yi aiki ba, ko wanda ba irin na asali ba ne, ana rage masa maki. Abin da kan ba sabon shiga mamaki shi ne cewa wuce gona da iri ma laifi ne: idan aka goge wani sashe ya yi sheƙin da kamfanin bai taɓa ba shi ba, an kauce wa asali. Kwana uku kafin gasar akan fita da motocin wani zagaye na sama da kilomita 100 a kan titin bakin teku, kuma idan motoci biyu suka yi kunnen doki, wadda ta kammala zagayen ita ake fifitawa. Wadda ta ci lamba kuma dole ta hau dandamalin karɓar kyauta da ƙarfin injinta.

Da wannan ma'auni aka auna aikin ɗaliban, a rana guda da fili guda da motar da ta lashe babbar lambar shekarar, wata Mercedes-Benz 540K ƙirar 1937. Da an ƙirƙira musu rukuni na musamman na ɗalibai aka ba su kofi, da sun yi murna, amma da babu mai garejin da zai ɗauki kofin a matsayin hujja. Matsayi na biyu a rukunin manya kuwa shaida ce da ɗalibi zai iya ɗauka ya shiga kowane gareji a Amurka ko Turai neman aiki.

Inda lamarin yake da iyaka

Ba zan ɓoye cewa wannan tsari a kan dukiya yake tsaye ba. Billue mai kuɗi ne, Leno mai kuɗi ne, masu motocin da ɗaliban za su yi wa aiki bayan sun kammala su ma haka. A Nuwamban 2022 kwalejin ta sanar cewa wani mai bayarwa da ya ɓoye sunansa ya yi alkawarin ba da dala 2 a kan kowace dala 1 ta gudummawar da ta tara, har zuwa dala miliyan 500, kuma a Yulin 2023 ta ce ya ɗaga alkawarin zuwa dala biliyan 1, abin da ya kai jimillar alkawuran asusunta kusan dala biliyan 1.6. Kuɗin na kwalejin ne gaba ɗaya, ba na sashen motoci kaɗai ba, kuma babban kasonsa wasiyya ce da za ta zo daga baya, amma ya nuna irin mutanen da makarantar ta samu shiga wajensu. Makarantu ƙalilan ne a duniya za su iya kwaikwayon wannan.

Kuɗin karatun ma ba kaɗan ba ne, domin kwaleji ce mai zaman kanta da farashinta na shekara ya haura dala 30,000 kafin a cire tallafi, alhali albashin sabon ma'aikaci a garejin gyara bai kai na injiniya ba. Kwalejin tana da wani shiri da take ƙara wa ɗalibi santi 25 a kan kowace dala da ya samu ta hanyar aiki ya zuba a kuɗin makarantarsa, domin ya rage bashin da zai fita da shi, kuma shiri ne mai kyau. Duk da haka, yaron talaka da ke da hannu mai kyau amma ba shi da mai tsaya masa yana iya ganin ƙofar ta yi masa nisa. A nan hanyar da Birtaniya ta bi ta fi burge ni ta wani ɓangare: a cibiyar Heritage Skills Academy, wadda ke Bicester da Brooklands, matashi yana zama ma'aikacin wani gareji yana karɓar albashi, sannan yana zuwa makaranta lokaci-lokaci domin darasi. A Amurka kuma gidauniyar RPM tana ba da tallafi ga ɗalibai da makarantu da masu koyon aiki a wannan fanni. Babu ɗaya daga cikinsu da ke yaye adadin da zai cike gurbin tsofaffin da ke ajiye guduma.

Akwai kuma tambayar da ta shafi koyarwar kanta. Idan makaranta ta sa gasa a gaba, akwai haɗarin a riƙa ba ɗalibai mafi ƙwarewa aiki mai muhimmanci, a bar masu rauni suna kallo, alhali su ne suka fi buƙatar su yi kuskure su gyara. Mota mai daraja ba ta jure kuskure da yawa. Abin da ya rage wannan haɗari a McPherson, a fahimtata, shi ne cewa Marsandin aiki guda ne a gefen sauran azuzuwa, ba ita ce manhajar ba, kuma kowane ɗalibi yana da fallensa na ƙarfe da injinsa na koyo da zai ɓata ba tare da an yi asarar da ba ta gyaruwa ba.

Sana'ar ma tana sauya ra'ayi a kan abin da ake nufi da gyara. A Agustan 2024 babbar lambar Pebble Beach ta tafi ga wata Bugatti Type 59 ƙirar 1934 wadda ba a sabunta ta ba, tana ɗauke da tsohon fentinta da ƙwarzanenta, kuma karon farko ke nan da mota daga rukunin waɗanda aka adana yadda suke ta lashe wannan lamba. Ma'anar haka ga matashin da ke shigowa yanzu ita ce bai isa ya iya mayar da mota sabuwa ba, sai ya kuma san lokacin da ya kamata ya janye hannunsa ya bar tsohon fenti da tsohuwar fata a inda suke. Wannan hukunci ne da ke buƙatar sanin tarihi, kuma yana ƙara nuna hikimar haɗa aikin gareji da karatun aji.

Mai karatu a Kano ko Kaduna ko Maraɗi yana iya ganin lamarin ya yi nisa da shi, amma akwai wurin da ya taɓa mu. Ƙungiyar FIVA ta duniya, wadda ke kula da harkar motocin tarihi, tana lissafa mota a cikinsu idan ta kai shekara 30 kuma an adana ta a kan asalinta. Da wannan ma'auni, Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a shekarun 1970 ta daɗe da shiga sahu, kuma a garejinmu har yanzu akwai masu bugun bodi da masu kushin da masu saita kabureta da kunne, wato ainihin hannayen da Amurka take kashe dubban daloli domin ta sake samarwa. Abin da yaran garejinmu suka fi rasawa shi ne wanda zai kawo musu tsohuwar mota ya ce a mayar da ita asalinta, ya biya kuɗin lokacin da aikin zai ci, maimakon ya ce a lallaɓa ta ta kai gobe.

A McPherson ɗin ma ba a cikin Templeton Hall kaɗai ake koyo ba. Kusa da makarantar akwai jerin ɗakunan ajiya da ɗalibai ke haya da kuɗinsu, inda suke ajiye nasu motocin, waɗanda galibi tsofaffin akori-kura ne da ƙananan motoci masu arha da suka saya a gajiye. Bayan an tashi daga aji can suke komawa, wannan ya ara wa wancan jak, wanda ya iya walda ya taimaki wanda ya iya waya, babu maki kuma babu alƙali. A watan Mayu na kowace shekara ƙungiyar ɗaliban mai suna C.A.R.S. Club tana shirya bikin motoci a harabar kwalejin, su ne masu gayyata, su ne masu tsara fili, kuma masu tara motoci daga jihohi masu nisa suna kawo nasu. A ranar ɗaliban sukan fito da motocin nan daga ɗakunan ajiya, wasu sun kammalu, wasu da sauran tsatsa a jikinsu, su jera su a kan ciyawa guda da na baƙin.